Yadda Rana Ke Karkatar Da Haske Da Muryar Rediyo

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2006 a birnin Maraɗi, da wuya ya manta da ranar Laraba 29 ga watan Maris. Da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi, wata ya shiga tsakaninmu da rana, gari ya yi duhu tamkar magariba ta yi, tun daga unguwar Sabon Gari har zuwa Tibiri da Jiratawa. Inuwar watan ta taso ne daga ƙasar Birazil, ta ƙetaro teku, ta ratsa Gana da Togo da Benin, ta biyo ta Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, sannan ta nausa hamada ta nufi Chadi da Libiya. A 'yan mintocin da rana ta rufe ruf, an ga wani farin haske ya kewaye baƙin watan kamar rawani, an kuma ga tauraro da rana tsaka.

Wannan farin haske da taurarin da ke bayyana kusa da shi su ne dalilin rubutunmu na yau. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma masana sun gano cewa shi kansa hasken da ke kawo mana gani ba ya tafiya a miƙe, kuma muryar rediyo ma haka take. Akwai abubuwan da ke tare su a hanya su karkatar da su. Sanin wannan ba na 'yan boko ba ne kaɗai, domin ya shafi rediyon da ke rataye a rumfa, da wayar da ke ɗaure a bakin zane, da motar kayan da Alhaji ke bin sawunta ta waya tun daga Kano.

Mu Fara Da Madafa

Hajiya, ki tsoma muciya a cikin bokitin ruwa, ki dube ta daga gefe. Za ki ga kamar ta karye daidai inda ta shiga ruwan, alhali kuwa lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, haske ya fi sauri a cikin iska bisa ga cikin ruwa, don haka idan ya fito daga ɗaya ya shiga ɗayan sai ya sauya hanya. Haka kuma kawalwalniyar da direbobi ke hange a kan kwalta da tsakar rana a hanyar Ɗan Isa, wadda take kamar ruwa kwance: iskar da ke kusa da kwalta ta fi zafi, sai ta lanƙwaso hasken sama zuwa ido.

Ko faɗuwar rana ma ba ta tsira ba. A daidai lokacin da muke ganin gindin rana ya taɓa ƙasa a yamma, ita ranar ta riga ta nutse, iskar da ta lulluɓe duniya ce ta ɗago mana hotonta. Tsakanin nutsewarta da ɓacewarta daga ido akwai kimanin minti 2, kuma masu lissafa jadawalin lokutan salla sun san da haka, suna sanya shi cikin lissafinsu. Ke nan karkatar haske ba baƙon abu ba ne. Abin mamakin shi ne a ce haske ya karkata a can sararin samaniya, inda babu ruwa babu iska.

Nauyin Rana

A shekarar 1915, wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Albat Ainstain ya fito da sabon bayani game da ƙarfin da ke jawo mangwaro ya faɗo ƙasa, wanda kuma shi ne ke riƙe da duniya tana kewaya rana. Mutane da dama kan kira shi maganaɗisu, amma ba shi ba ne, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa kome da kome yake ja. Mu kira shi jan nauyi.

Ga misalin da zai sauƙaƙa maganar. Mata huɗu su kama kusurwoyin zane su ja shi ya miƙe, sai a ɗora kankana a tsakiya. Zanen zai lotsa. Idan aka gangaro da lemun tsami daga wannan gefe zuwa wancan, da ya zo kusa da kankanar sai ya ratse, ba don kankanar ta taɓa shi ba, sai don hanyar da yake bi ta lotsa. Ainstain ya ce haka abu mai nauyi yake yi wa sararin da ke kewaye da shi. Ita kuwa rana ta ninka duniyarmu nauyi kimanin sau 333,000. Saboda haka hasken tauraron da ya gifta ta gefenta dole ya ratse, mu kuma a nan mu ga tauraron ya ɗan gusa daga mazauninsa.

Ya ma faɗi yawan gusawar. Ki ɗauki kwabon dala ashirin ki tsayar da shi, ki ja da baya tafiyar kilomita 3. Faɗin da kwabon zai yi a idonki daga can, shi ne iyakar gusawar tauraron da haskensa ya shafi bakin rana. Ɗagowar da iska ke yi wa rana da magariba ta ninka wannan fiye da sau 1,000. Lissafin da aka gina bisa tsohon bayanin Niyuton, masanin Ingila, rabin wannan ya bayar. Wa ke da gaskiya? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Matsalar ita ce, ba a ganin tauraro kusa da rana sai an yi husufi. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka samu damar. Masanan Ingila suka kasu biyu, wasu suka tafi garin Sobaral na Birazil, wasu kuma a ƙarƙashin wani masani mai suna Edinton suka zo nan maƙwabtanmu, tsibirin Firinsife da ke cikin tekun Gini, kudu da Nijeriya. Ran nan da ruwan sama aka tashi a tsibirin, gajimare bai yi sauƙi ba sai dab da rufewar rana. Hotuna 16 aka ɗauka, biyu kacal suka yi amfani. Da aka gwama su da na Birazil, aka kuma kwatanta da hotunan taurarin nan da aka ɗauka da dare lokacin da rana ba ta wurin, sai aka ga lalle sun gusa, kuma gusawar ta fi kusa da lissafin Ainstain. Ranar 6 ga Nuwamba 1919 aka bayyana sakamakon a birnin Landan, daga nan sunansa ya game duniya.

Tururin Rana

Yanzu mu koma kan farin rawanin nan da aka gani a 2006. Rana ba dutse ba ce, ba kuma wutar itace ba ce. Iska ce da zafi ya yi wa yawa har ƙwayoyinta suka farfashe, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke jikinsu suka saki suna yawo. Masana na kiran irin wannan iska filasma, mu kuma mu ce tururin rana. Zafin rawanin ya haura digiri miliyan 1, kuma kullum tururin yana kwarara zuwa ko'ina da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda, har ya wuce duniyarmu.

Shi ma wannan tururi yana karkatar da abin da ya ratsa shi, amma halinsa ya sha bamban da na jan nauyi. Jan nauyi ba ya zaɓe: hasken ido ne, ko igiyar rediyo doguwa ko gajera, duk karkata ɗaya yake yi musu, kuma wajen rana yake jawo su. Tururi kuwa ɗan son kai ne. Hasken ido yana wuce shi kusan ba tare da ya ji kome ba, igiyar rediyo ce yake kamawa ya ture ta nesa da rana, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon turewar. Idan tsawon igiya ya ninka biyu, turewar sai ta ninka huɗu.

Wannan bambanci ya zama wa masana matsala, ya kuma zama mafita. Daga wajen shekarar 1970 sun daina dogara ga husufi kaɗai, domin akwai wasu abubuwa can nesa ƙwarai a sararin samaniya masu fitar da igiyar rediyo, kuma ana iya sauraren su ko da rana tsaka da manyan faya-fayai irin na parabol. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 3C 279, rana tana gittawa ta gabansa kowace shekara wajen 8 ga Oktoba. Sai dai igiyar da ta iso ta sha hannu biyu, na nauyi da na tururi. Ta yaya za a raba su?

Lissafin 'yan kasuwa ne ya fid da su. A ce motoci biyu sun bi hanya ɗaya. Kuɗin hanya ɗaya ne ga kowace mota, kuɗin kaya kuwa gwargwadon lodi ne. Ƙaramar mota ta biya jika 3 gaba ɗaya, babbar mai lodi ninki huɗu ta biya jika 6. Ko ba a nuna miki takarda ba, kin san bambancin jika 3 na ƙarin lodi uku ne, wato kowane lodi jika 1, kuɗin hanya kuma jika 2. Haka masanan suka yi: suka saurari abu ɗaya a kan zango biyu lokaci guda, bambancin da ke tsakani ya nuna musu rabon tururi, suka cire shi, abin da ya saura shi ne na nauyi. A 1974 da 1975 an yi irin wannan awo a Amurka, ya dace da lissafin Ainstain da kuskuren da bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. A 2002 kuma, masanan Italiya sun yi amfani da kumbon Kasini da ke kan hanyarsa ta zuwa duniyar Zuhal. Lokacin da rana ta shiga tsakaninmu da shi, suka auna jinkirin da nauyinta ke jawo wa saƙon rediyo, a kan zanguna daban-daban, lissafin ya sake fita daidai, da kuskuren da bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba.

Har yanzu tururin bai daina hana ruwa gudu ba. Kusan kowane wata 26 duniyar Marrihu takan koma bayan rana, sai hukumar NASA ta Amurka ta dakatar da aika umarni ga na'urorinta da ke can na kimanin mako biyu, kamar yadda ta yi a Nuwamba 2023, don gudun kada saƙo ya gurɓata a hanya, na'ura ta aikata abin da ba a ce ba.

Rufin Da Ke Kawo Mana Labarin Duniya

Ba sai mun je rana ba, mu ma muna da namu tururin a bisa kawunanmu. Tun daga nisan kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita sama, hasken rana mai ƙarfi yana farfasa ƙwayoyin iskar duniya, ya mai da su irin wancan tururi mai lantarki. Wannan rufi ne ke lanƙwaso igiyar gajeren zango ta dawo ƙasa, ƙasa ta sake cilla ta sama, tana tsalle kamar ƙwallo har ta ƙetare ƙasashe. Tun 1901 da Markoni ɗan Italiya ya aika saƙon rediyo daga Ingila ya ƙetare tekun Atlantika aka fara zargin akwai shi, domin duniya a dunƙule take, igiyar da ta tafi a miƙe ba za ta isa ba. A 1924 Afulton na Ingila ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji.

Da wannan rufi ne iyayenmu suka ji sashen Hausa na BBC tun 1957, da Muryar Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979, suna zaune a zaure a Tibiri ko a bakin garka a Jiratawa. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo ya san cewa da rana tashoshin mita 16 da 19 sun fi fita, da dare kuma sai a koma mita 41 da 49. Ya kuma san tashoshin matsakaicin zango na nesa, irin Rediyon Kaduna, sun fi shigowa tangaram bayan isha'i. Dalili shi ne, da rana akwai wani shimfiɗi na ƙasa-ƙasa a rufin da ke shanye dogayen igiyoyi, da rana ta faɗi sai ya watse, su samu hanya. Muryar da ke tafiya tana dawowa kamar mai magana yana nisa yana kusantowa, ita ma motsin rufin ne.

Tashoshin FM kuwa, irin su Anfani, igiyarsu gajera ce sosai, rufin ba ya iya mai da ita, huda shi take yi ta wuce. Shi ya sa muryarsu ke fita tas a cikin gari, amma da mota ta yi nisa sai ta ɓace.

Taswirar Waya Da Motar Kaya

Na'urar GPS da ke cikin waya, da wadda ake liƙa wa motocin kaya da babura saboda ɓarayi, tana aiki ne da taurarin ɗan'adam da ke nisan kimanin kilomita 20,200. Kowane ɗayansu yana ɗauke da agogo, yana ta shelar lokaci, wayar kuma tana auna daɗewar da saƙon ya yi a hanya, ta gane inda take. A nan ma hannayen nan biyu suna nan. Saboda jan nauyi ya fi sauƙi a can sama, duk da cewa gudun da suke yi yana ɗan rage wa agogo sauri, agogunan suna wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Abin kamar wasa, amma da ba a gyara shi da lissafin Ainstain ba, da kuskuren ya kai kimanin kilomita 10 a yini guda, wato a nuna motar da ke Sabon Gari tana wajen Jiratawa. Tun wajen ƙera su aka yi maganin wannan.

Na tururi ya fi wuyar sha'ani, domin kullum sauyawa yake yi. Rufin yana jinkirta saƙon, har taswira ta gusar da mutum da wasu mitoci. Dabarar motoci biyun nan ce a nan ma: taurarin suna aiko saƙo a kan zango fiye da ɗaya, na'urori masu tsada su kwatanta su cire kuskuren, masu araha kuwa su yi kirdado. Yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin sassan duniya da rufin ya fi rikicewa bayan faɗuwar rana. Don haka idan da almuru Alhaji ya ga alamar motarsa ta yi tsalle a waya, ko ta nuna ta sauka daga kwalta da 'yan taku, kada ya yi saurin zargin direba. Ya kira shi tukuna, ya kuma sake dubawa bayan ɗan lokaci. Amanar shekaru ba ta cancanci a rushe ta saboda ɗigo ɗaya a fuskar waya ba.

Idan Rana Ta Yi Aman Wuta

Rana tana da lokacin lafawa da na tashi, kimanin kowace shekara 11. A lokacin tashinta takan yi walƙiya mai ƙarfi, wadda ke iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu duk da nisan kilomita miliyan 150, ta kashe gajeren zango a ɓangaren duniyar da ke da rana na wasu mintoci ko fiye da awa. Jiragen sama masu ƙetare teku da hamada suna jin wannan a jikinsu. Takan kuma watso dunƙulen tururi ya iso cikin kwana 1 zuwa 3. A ranar 13 ga Maris 1989 irin wannan ya kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada na awa 9. A Fabrairu 2022 ya jawo asarar sababbin taurarin ɗan'adam 38 na Starlink. A ranar 10 ga Mayu 2024 kuma, manoma a Amurka sun tsayar da motocin shuka masu bin GPS saboda layi ya ƙi miƙewa. A Oktoba 2024 masana suka bayyana cewa rana ta kai ƙololuwar tashinta na wannan zagaye.

To amma a nan sai mu yi hattara da 'yan kanzon kurege. Akwai saƙon da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, wai a kashe waya da tsakar dare a nisanta ta da jiki, domin wani haske mai kisa zai gifta. Ƙarya ce tsagwaronta. Iskar duniya da maganaɗisunta suna kare mu da muke ƙasa, kuma waya ba ta jawo kome daga sama. Haka nan idan rezo ya ɗauke ana tsakar aika kuɗi, da wuya a ce rana ce, domin waya da dogon ƙarfen da ke unguwa take magana, igiyarta ba ta zuwa rufin sama. Sau da yawa matsalar wuta ce, ko cunkoso, ko wata igiya da ta tsinke. Parabol kuwa yakan ɗauke na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere, wajen watan Maris da wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da rana ta tsaya daidai bayan tauraron da faifan ke kallo, hayaniyarta ta danne hoton. Da kansa yake dawowa, kada a biya mai gyara, kada kuma a taɓa saitin faifan.

Abin Riƙewa

'Yan uwa, babu wanda ya kai ɗan kasuwa sanin cewa ba a ƙin awo don buhu yana da nauyi, cire nauyin buhun ake yi. Mai sayen aya ko wake da ta san tiyarta, ba a cutarta. Haka masana suka yi da sama: ba su ce tunda haske yana ratse an daina yarda da ido ba, sai suka auna ratsen, suka san na nauyi, suka san na tururi, suka cire. Da wannan ne jirgi ke sauka inda ya nufa, da shi ne kuma motar kaya ke bayyana a tafin hannu.

Ranar 2 ga Agusta 2027 za a sake yin babban husufi. Rana za ta rufe ruf a sassan Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, har da Jidda da Makka, mu kuma a nan wani ɓangare nata ne zai rufe. Muna roƙon iyaye mata tun yanzu su ja wa yara kunne: ba a kallon rana da ido tsirara, ko da baƙin tabarau na kasuwa, ko da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. A huda ƙaramin rami a jikin kwali, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a ƙasa, ko a duba inuwar bishiyar dogon yaro, za a ga ƙananan lauje-lauje birjik. Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya kuma sa albarka a kasuwa.